Bidiyo ya ƙi buɗuwa bayan sabunta Windows: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kai kwamfutata an sa mata Windows 11 sabo fil, samfurin 24H2. Tun ranar, bidiyon bikin da aka ɗauka da iPhone ya ƙi buɗuwa, sai lamba 0xc00d5212 take nuna min. Wasu finafinan kuma hoto na tafiya amma ba sauti. Fayilolin ne suka lalace? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka goge komai, da wuya a ce fayilolin ne. MP4, MOV da MKV kwano ne kawai, abincin da ke ciki shi ne hoton da sautin, kuma kowanne an matse shi ne da wani tsari da ake kira kodek. Idan kwamfuta ba ta da kodek ɗin, ba za ta iya warware shi ba. Shi ya sa sauya sunan fayil daga .mov zuwa .mp4 ɓata lokaci ne.

Matsalolinka biyu ne. Tun iOS 11 a 2017, iPhone ke ɗaukar bidiyo da HEVC, wato H.265, domin ya rage cin wuri. Microsoft kuwa yawanci ba ya sa wannan kodek a cikin Windows ɗin da aka girka daga farko. Kamfanonin da ke ƙera kwamfuta ne kan sa shi, kuma da aka share tsohon Windows ɗinka ya tafi tare da shi. Lambar da kake gani ma'anarta ke nan: babu kodek. Rashin sauti kuma yawanci AC-3 ne, wato Dolby Digital, wanda Microsoft ya daina haɗawa da Windows daga 24H2.

Fara da VLC, manhajar kallon bidiyo, kyauta ne, kuma daga videolan.org za ka sauke shi. Yana zuwa da nasa kodek, bai dogara da na Windows ba. Idan bidiyon ya yi a cikinsa, lafiyar fayil ƙalau. Danna Ctrl da J ka ga sunan kodek na hoto da na sauti. In kana son manhajojin Windows su ma su riƙa buɗewa, sayi HEVC Video Extensions a Microsoft Store, kusan dala ɗaya ne. Na wasu kodek ɗin, AV1 da MPEG-2, kyauta suke a can. Amma tarin kodek ɗin nan da ake tallatawa a shafukan da ba a san asalinsu ba, ban ba ka shawara ba, sukan zo da ƙwayar cuta.

Idan kuma sauti na fita amma allo ya yi baƙi ko kore, wannan direban katin hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa nuna hoto a allo, sabuntawa kan sauya shi. A VLC shiga Tools, Preferences, Input/Codecs, ka mayar da Hardware-accelerated decoding zuwa Disable. In ya gyaru, sauko da direban daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. Wanda sabuntawa ya yi ba tare da share komai ba, zai iya gwada Roll Back Driver, mai mayar da tsohon direba, a Device Manager, ƙarƙashin Display adapters.

Tsohuwar kwamfuta kuwa ko da kodek sai bidiyon ya riƙa sarƙewa. Injinan Intel, wato processor, sun fara warware HEVC sosai daga zubi na 6 (6th generation), mai 10-bit, wato mai yawan launuka, kuma daga na 7, alhali bidiyon HDR na iPhone 12 zuwa sama 10-bit ne. A nan sai ka juya fayil ɗin da HandBrake, manhajar juya bidiyo: zaɓi Fast 1080p30, zai fito a H.264 cikin MP4, wanda kusan kowace waya da talabijin ke karantawa. Ajiye na asali tukuna, domin juyawa na ɗan rage inganci. Mai ɗaukar bidiyon kuma ya shiga Settings, Camera, Formats a wayarsa, ya zaɓi Most Compatible, sai dai fayilolin za su fi girma.