Tambaya da Amsa: Robar hannu mai ɗumi a kan ƙaramin babur

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina ɗauko kayan gwari daga Kware zuwa cikin garin Sakkwato da asuba a kan Boxer mai injin 100. Idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, yatsuna kan sandare har matsa birki ya gagare ni. Na ga ana tallar robar hannu mai ɗumi da lantarki. Mashin ɗina zai iya ɗaukarta? Daga wani ɗan kabu-kabu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wajen girma za ta shiga, domin ƙarfen kan irin waɗannan babura milimita 22 ne, kuma akwai robar da aka yi daidai da shi. Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Robobin biyu, idan aka ƙure su, suna jan amfiya 3 zuwa 4 a kan bolt 12, wato sun kai babbar fitilarka mai wat 35 ci, ko sun ɗara ta. A yawancin ƙananan babura fitila daga kwayil, wato abin da ke samar da wuta idan inji na juyawa, take shan wutarta kai tsaye, abin da ke isa batir kuma kaɗan ne, wanda zai riƙe oda da sigina. Idan roba na jan amfiya 3 alhali caji na kawo 1, giɓin daga batir zai fito, kuma batir mai ƙarfin 5Ah (wato mai iya ba da amfiya 1 na awa biyar) zai rasa rabin cajinsa cikin awa ɗaya da 'yan mintoci.

Don haka kada ka fitar da kuɗinka sai ka gwada. Je wurin mai wayarin da ke da mita. A tayar da mashin, a kunna fitila, a ba shi totur kamar ana tafiya, a auna bakin batir. Lafiyayyen caji yana tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Sannan a jona ƙwan fitila mai wat 35 kai tsaye a kan batir, don cinsa kusan ɗaya ne da na robar, a sake aunawa. Idan ya tsaya sama da 13, bismillah. Idan ya faɗo ƙasa da 12.6, batir ne ke ciyarwa, kuma a wannan hali shawararmu ka haƙura da ita.

Ko da gwajin ya yi kyau, ka sani tafin hannu kawai take ɗumamawa, iskar kuwa bayan yatsu take duka. Kariyar roba a gaban birki da kuloci, tare da safar hannu wadda iska ba ta ratsawa, sun fi ta amfani a sanyin asubar nan, kuma ba su taɓa batir.

Tambaya: Na riga na saya, an auna caji an ce ya isa. Yaya ake ɗaura ta? Daga wani mai karatu a Wamakko.

Amsa: Ɗan'uwa, fara da jona ta a batir ka tabbata duka biyun suna ɗaukar zafi kafin gam ya taɓa su. Mai faɗin rami, milimita 25, ita ce ta dama domin tana hawa kan bututun totur. Yanke tsohuwar roba da reza, ka goge ƙarfen da fetur ya bushe. Bututun totur yana da 'yan tudu-tudu, a goge su da fayil har sabuwar ta shiga da ƙarfin hannu. Kada a buga ta da guduma, kada kuma a ja ta da wayarta, siririn zaren da ke ɗumama ta a ciki ba ya gyaruwa idan ya tsinke.

Kafin a shafa gam a saka ta haka nan, a murɗa totur har ƙarshe a saki. Dole ya koma da kansa, wayar kuma ta sami sarari kamar ɗan lanƙwasa, ba ta taɓa hannun birki ba. A juya kan mashin dama da hagu har ƙurewa a ga ba ta ɗame ba. A bar tazara kaɗan tsakanin roba da akwatin makunni. Totur da ya maƙale a kan titi rai yake ci, wannan matakin ba na gaggawa ba ne. Gam ɗan kaɗan ya isa, a bar shi ya kwana.

Wajen waya a sa fis mai amfiya 5 dab da kan batir mai alamar +, a bi ta rile, wato ƙaramin makunnin da lantarki ke kunnawa, mai ƙafa huɗu, kowace da lambarta: 30 zuwa fis, 87 zuwa robar, 85 zuwa jikin mashin, 86 zuwa wayar da ke samun wuta sai an murɗa makulli. Kada a ɗauko daga wayar babbar fitila, wutarta ta kwayil ce mai hawa da sauka, tana ƙona na'urar da ke daidaita zafin robar. Mahaɗa kuma a yi musu dalma a rufe, murɗa waya da salatif ba ya jure girgiza da ƙurar hunturu.

Tambaya: Tawa ta hagu ba ta kai ta dama zafi ba, kuma jiya na tashi batir ya mutu. Daga Bodinga.

Amsa: Na farkon ba lalacewa ba ce. Ta hagu a kan ƙarfe take zaune, shi ke shanye zafin, ta dama kuwa bututun roba ya raba ta da ƙarfe. Na biyun alama ce an jona ta kai tsaye a batir ba rile, aka manta ta a kunne. A sa rile, a caja batir ya cika, sannan ka riƙa kashe ta a cunkoso ko idan ka tsaya jiran fasinja, domin a silo, wato inji na aiki ba totur, caji kusan babu.