Iƙamar ɗalibi da aikin hutu a Saudiyya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko za ka iya kama aiki a shago a Jidda lokacin hutu, alhali iƙamarka, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta Jami'ar Musulunci ta Madina ce. Don Allah kada ka yi. Iƙamar ɗalibi ta karatu ce kawai, jami'a ce kafilinka, wato mai ɗaukar nauyin zamanka, kuma dokar ƙwadago ta Saudiyya ta hana baƙo yi wa wani aiki in ba kafilinsa ba. In aka kama ka, akwai tara da kora zuwa gida, karatun shekaru ya tafi ke nan. Mai shagon ma ba zai tsira ba.

Na san kuɗin alawus ba ya kaiwa ƙarshen wata, wallahi na sani. Je ofishin kula da harkokin ɗalibai, ka tambaye su ko akwai aikin tafinta na lokacin Hajji da za su ba ka izini a rubuce.