Kakanka sojan igwa ne: ga ta inda za ka fara

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji ana faɗin marigayi kakanka na wajen uba sojan igwa ne a yaƙin Hitila, kana son ka san inda ya je da aikin da ya yi, amma kana gudun kada a ce kana tone-tonen abin da ƙasa ta rufe. Ka kuma tambayi wanda ya kamata ka fara tunkara.

Neman sanin asali ba tonon asiri ba ne. Abin da manya ke ƙi shi ne a tsallake su. Ni kawunka ne, ɗakin uwa, wannan magana kuwa ta gidan ubanka ce, saboda haka ƙofarta baffanka babba. Ka je da ƙafarka, kada ka aika saƙon waya. Ka riƙe goro ko turare, ku gaisa sosai, ka yi wa marigayin addu'a, sannan ka ce kana neman izini ka tattara labarinsa saboda 'yan baya. Ranar farko izini kawai za ka nema. In ka zaro takarda da biro tun kafin ka sha ruwa, za a ɗauka gado ka zo bincike, bakin kowa ya mutu.

Akwatin ƙarfensa, in yana nan, kayan magada ne gaba ɗaya, ko da a ɗakin mutum ɗaya yake ajiye. A buɗe shi a gaban wanda ke riƙe da shi da wani babba guda. Ka ɗauki hoton komai gaba da baya, a inuwa, ka mayar yadda ka same shi. Kada ka goge lambobin yabonsa da toka ko lemun tsami don su yi ƙyalli, kuma kada ka kai takardar a like ta da leda a injin mai zafi, domin tsohuwar takarda ba ta sake fita daga ciki lafiya. Ambulan mai tsabta, nesa da gara da laima, ya isa. Duk wanda ya ce ka ba shi takardar asali zai karɓo muku kuɗin fansho daga Ingila, ka sallame shi da fatar baki.

Wajen mata kuwa sai ka yi haƙuri da alkunya. Matarsa, in tana raye, ba za ta kama sunansa ba, sai dai "Malam" ko "shi". Kada ka matsa mata. Sunan yanka a bakin ƙannensa ko abokan wasansa za ka ji shi, ko ka duba cikin jikoki wa ake kira Abba ko Baffa saboda an mayar masa da sunan. Amma gwaggwanninka sun fi maza riƙe ƙananan abubuwa: waƙar da yake yi in yana gyaran shinge, abincin da ya ƙi ci bayan ya dawo, kalmomin Indiyanci da yake tsokanar yara da su, ciwon da ke tasar masa da damina. Irin waɗannan ne ke nuna ƙasar da mutum ya taka. Kada ka tambayi kowa ko ya kashe mutum. Ba a yin wannan tambaya, kuma amsarta ba za ta kai ka ko'ina ba.

Tsofaffi ba sa ba da shekara da lamba, da sarauta suke auna ta. In gidanku na ƙasar Katsina ne an yi maka sauƙi, don Sarki Dikko ya rasu a 1944 Usman Nagogo ya gaje shi, sai ka tambaya a zamanin wa ya tafi. A Kano wannan ba zai raba maka gardama ba, Abdullahi Bayero ne tun 1926 har 1953. Nan sai ka auna da haihuwa: wa aka haifa yana nan, wa aka haifa ba ya nan. Yawancin waɗanda suka je Burma sai 1946 suka dawo. In ka ji tsoho ya ce "yaƙin Bama", Burma yake nufi, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, ba Bama ta Borno ba.

Abin da kake nema a duk wannan zirga-zirga ɗaya ne: lambarsa ta soja. Suna yaudara ne. A wancan zamani akawu kan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari, Audu Kano, Garba Sakkwato, Musa Bauci, kuma irinsu ɗari ne a runduna guda. Garin ma sau da yawa ba nasa ba ne, inda aka ɗauke shi ne. Wanda ya gudo daga gida kan canza suna don kada a biyo sawunsa. Mutanen ƙasar Faransa, daga Nijar da Cadi, kan ƙetaro su ce su 'yan Katsina ne ko Borno. Waɗanda ba Hausawa ba ma kan karɓi sunan Hausa, tunda Hausa ce harshen bariki. Ga kuma rubutun Bature: Garuba maimakon Garba, Momo ko Mama maimakon Mamman, Brimah maimakon Ibrahim, Bornu, Katsena. Lamba kuwa ba ta da tagwai. Ta wanda aka ɗauka a Nijeriya tana farawa da NA, ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da GC. In ka ga GC kada ka ce ba shi ba ne, Hausawa da Zabarmawa da yawa da suka je cin rani ko fataucin goro a can suka shiga. Za ka sami lambar a takardar sallama, ko littafin albashi, ko ɗan faifan da suke ratayawa a wuya.

A takardar ka duba muƙami. Sojan ƙasa farabiti ne, las kofur, kofur. A igwa ba haka ake rubutawa ba: Gnr shi ne gana, ƙaramin sojan igwa, L/Bdr da Bdr su ne daidai da las kofur da kofur. Daga saje zuwa sama sunayen sun yi kama da na sauran. In ka ga haruffan WAA, wato West African Artillery, maganar igwa ta tabbata.

To amma igwa iri-iri ce, kuma nan ne masu bincike ke ɓata. Wadda aka fi sanin sojojinmu da ita gajeruwa ce ta hawan dutse, bakinta inci 3.7, harsashinta wajen kilo 9, tana jifa kimanin kilomita 5. An ƙera ta ne a kwance ta kashi 8 a ɗora wa alfadarai, bututun kansa biyu yake rabuwa. A rundunar Afirka ta Yamma mutane ne suka saba ɗaukarta, a ka da kafaɗa, inda mota ba ta shiga. Saboda haka batir guda, wato rukunin sojan igwa, ba masu harbi kaɗai ba ne: akwai mai saiti, mai ɗura harsashi, masu jan wayar sadarwa zuwa wurin mai hange, direbobi, da tarin masu dakon sassa da harsasai. In aka ce maka kakanka ɗaukar kaya ya yi, kada ranka ya ɓaci har ka ƙi rubutawa. Ƙusa ɗaya ta makara a bayan tudu, igwar ba ta tashi.

Akwai kuma ƙaramar nan mai kama da bututu da ake zura wa harsashi ta baki, ta inci 3, wadda Turawa ke kira mortar. Akwai masu harbin tanka. Akwai masu harbo jirgin sama, kuma babbarsu ita ma 3.7 ake ce mata, alhali ba abin da ya haɗa ta da ta dutse sai lambar. Daga cikin masu harbo jirgi wasu an kai su Assam a Indiya gadin filayen jirgi, wasu kuwa ba su bar Afirka ta Yamma ba, tashoshin ruwa irin su Legas da Takoradi da Freetown suka tsare har aka gama. Ka tambaya: igwar sama take kallo ko gaba? Ɗaukarta ake yi ko ja? Amsar nan kaɗai ta rage maka rabin aiki.

Runduna biyu suka je Burma. Ta 81 an kafa ta a 1943, a shekarar ta isa Indiya, ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan inda jirgin sama ke jefo musu abinci da harsasai. Tambarinta baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya. Ta 82 ta bi baya a 1944, ta yi yankin Arakan, tambarinta mashi biyu ne a gicciye cikin gammo, gammon nan dai na 'yan dako. Su biyun suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945. In ka tsinci ɗan ƙyalle mai ɗaya daga cikin tamburan nan a ƙasan akwati, ka sami rundunarsa. Rajimantin igwar dutse ta runduna ta 81 ita ce ta 101, ta runduna ta 82 kuma 102. Na mortar 41 da 42 ne, bi da bi. Sai dai kafin a haɗa su rajimanti a 1944, batir-batir suke, kowace da lambarta tana bin birged ɗinta, saboda haka labarin farkon tafiya a ƙarƙashin lambar batir za ka neme shi. In tsofaffi na ambaton Mogadishu da Habasha, wannan tafiya ce ta daban, ta 1940 zuwa 1941, yaƙi da Italiya, kuma akwai waɗanda suka yi duka biyun.

Lambobin yabo su ma shaida ne, amma ka san iyakarsu. Na yaƙin duniya na biyu da aka raba wa kowa ba a buga suna a jikinsu ba, don haka ba sa tabbatar da mai su, ana ma sayensu a kasuwa. Ƙyallen da ake rataye su da shi za ka karanta. Tauraron Burma ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Tauraron Afirka launin rairayi ne da jan ratsi mai faɗi a tsakiya, na wanda ya yi Habasha ko Somaliya ko arewacin Afirka ne, zaman bariki a Kaduna bai sa a ba mutum shi. Mai zagaye da hoton sarki da zaki a baya kuwa duk wanda ya yi kwana 28 a kaki ya cancance ta. In ka ga suna da lamba a zagayen bakin wata lambar yabo, ko dai ta jarunta ce, ko ta daɗewa a aiki, ko ta yaƙin farko ce, na 1914 zuwa 1918, wato ta wani kakan ce daban.

Sai ka gama da gida za ka fita waje. Fara da ofishin 'yan mazan jiya na jiharku, Nigerian Legion, da lambar a hannu. Ofishin ajiye bayanan sojojin ƙasa yana Lokoja, a rubuce ake nema, kuma ka sa haƙuri. A Kaduna akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda fayilolin larduna suke. A nan za ka ga yadda aka bi ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebi soja, da yadda aka yi da su bayan sallama. Ka leƙa Arewa House, ka kuma nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 daga Zariya, don ta buga labaran yaƙin da wasiƙun soja. Makarantar igwa da ke Kachia da hedikwatarsu a Kontagora na sojan yau ne, kada ka je can da tsammanin fayil ɗin kakanka. In ka bi ta barikin Kalapanzin ko Dalet a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ka sani duk daga yaƙin Burma sunayen suka fito.

Ingila kuwa abin da ke can littafin yau da kullum ne na kowace rajimanti, a ma'ajiyarsu ta Kew a Landan: jerin WO 172 na yaƙin Burma, WO 173 na zaman Afirka ta Yamma, WO 373 na waɗanda aka nema wa lambar jarunta. Jerin sunayen fayilolin kyauta ake dubawa a intanet, amma littattafan yau da kullum sai an sami wanda zai je ya ɗauko hotonsu. Ka rage buri tun yanzu: hafsoshi Turawa ake kama wa suna, baƙin soja sai in ya mutu, ya ji rauni, ko ya yi abin yabo ko na horo. Abin da za ka samu shi ne inda batir ɗinsa take a kowace rana, tudun da suka hau, harsashi nawa suka harba. Ka ɗora wannan a kan abin da gwaggwanninka suka faɗa. Inda suka saɓa, ka rubuta duka biyun, kada ka je ka ƙaryata tsohuwa da takardar Bature.

In akwai ɗan'uwansa da suka tafi tare bai dawo ba, ka sa sunansa ko lambarsa a shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ne. Ka gwada kowane irin rubutun sunan. Waɗanda ba a san kabarinsu ba a Burma suna jikin bangon tunawa na Rangoon da ke maƙabartar Taukkyan, sunaye kusan 27,000, wasu kuma suna kwance a Chittagong da Maynamati a Bangladesh. In ka samu, baffanka za ka fara gaya wa, shi zai san yadda za a sanar da mata, a kuma yi sadaka da addu'a.

Duk abin da ka tattara, ka karanta masa kafin ka sa a Facebook ko ka raba wa dangi. In akwai horo ko gudu daga bariki a takardar, shi ke da ikon cewa a faɗa ko a bari. Da ka sami lambar ka aiko mini da hoton takardar, gaba da baya, mu duba haruffan tare.

Ka gaida mahaifiyarka da yara.

Kawunka