Kwalbar da ta ci min buhunan riɗi

Kai Habu, ajiye wayar nan ka saurara. Ka ce tunda a ɗakin gwaji aka haɗa enzayim ɗin nan, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, ba daga jikin mutum aka ciro shi ba, don me nake lallaɓa shi kamar jinjiri, in ya yi ɗumi ai sai a mayar firiza. Ka fama min tsohon miki.

An haɗa shi, gaskiya ne. Ƙwayar gadon ɗan Adam mai ɗauke da tsarin enzayim ɗin ake dasawa cikin bakteriyar E. coli ko yis, su yi ta ƙera furotin ɗin, a tace a zuba a 'yar kwalba. Amma ƙarfinsa a yadda furotin ɗin ya naɗe yake, zafi kuma warware naɗin yake yi. Ka taɓa ganin dafaffen ƙwai ya koma ɗanye don an sa shi a firji?

Shekarun baya masu bincike suka zo nan ƙasar Haɗeja suna duba ƙarancin G6PD, enzayim mai kare jajayen ƙwayoyin jini, a jinin yara, ƙarancin nan da ke fasa jini in an ba mai shi firimakwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, ko a sa kafur cikin kayan jariri ya tashi da shawara. Ni suka damƙa wa aikin, don kaf yankin nan ba mai hannuna. Muna buƙatar G6PD na kamfani, wanda aka san ƙarfinsa, ya zama ma'aunin da za mu riƙa kwatanta na jinin yaran da shi. Na ba wani dillali a Kano odar, mutumin da muka sha cin tuwo kwano ɗaya. Ya kawo min har tasha cikin kula, yana rantsuwa cikin busasshiyar ƙanƙara kayan suka sauka. Da na ɗaga kwalbar sai na ga takardar jikinta ta yi laushi, ta tattare. Busasshiyar ƙanƙara kuwa ba ta barin ruwa, hayaƙi take zama. Na gani da idona, kunya ta rufe min baki.

Mako 6 ina aiki da ita. Da yake ma'aunin ya raunana, sai jinin yara masu ƙarancin ya riƙa fitowa kamar lafiya lau. Allah ne ya kiyaye, na sake gwada wani yaro da na san ciwonsa, na ga takarda ta saɓa wa abin da na sani. Ashe kwana 4 kwalbar ta yi a shagonsa cikin zafin Afrilu ba wuta, ya sanyaya ya kawo. Riɗin da na noma a shekarar na sayar na sayo wata. Ya musanta, har yau kuma yana miƙo min hannu a wurin ɗaurin aure.

Don haka ranar da kwalba ta zo, raba ta ƙanana-ƙanana, kowace ta fito sau ɗaya. Digiri 20 ƙasa da sifili, can ƙuryar firiza, ba bakin ƙofa ba, ba kuma irin firizar nan mai narkar da ƙanƙararta da kanta ba. Sauran ba sai na faɗa ba, wanda bai san su ba ya koma gona. Ku yaran yanzu komai sai kun tambayi waya, takardar kamfani na gabanku ba ku karantawa.

Tashi ka duba man janareta, ka rubuta min awon firizar a littafi kafin la'asar.