Amsa: Shin Allah namiji ne a tauhidin Kirista?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kiran Allah "Uba" yana nufin shi namiji ne. A'a. A cikin Littafi Mai Tsarki, Yohanna 4:24 ta ce Allah Ruhu ne, ruhu kuwa ba shi da jiki balle jinsi. Farawa 1:27 ma ta nuna namiji da ta mace duk cikin siffarsa aka halicce su.

"Uba" sunan dangantaka ne, Yesu ne ya koya mana shi, shi ya sa ban yarda a sauya shi ba. Amma abin da ke taɓa zuciyata shi ne Ishaya 66:13, inda Allah ya kwatanta kansa da uwa mai rarrashin ɗanta. Katekizim na Katolika na 1992, wato littafin koyarwar cocin Katolika, ma ya faɗa ƙarara cewa Allah ba namiji ba ne, ba mace ba.