Amsa ga Hajiya kan tafiya Cape Coast

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kin ce za ki raka ɗanki jami'ar Cape Coast a ƙasar Ghana, kina tambayar yadda ake zirga-zirga da kuma abin da baƙo zai kiyaye. Na yi shekaru ina kai kaya yankin, ga abin da na gani da idona.

Daga Accra, wadda mu 'yan zango muke ce wa Ankara, ki nufi tashar Kaneshie. Nan ake samun motocin Cape Coast, tafiyar kusan kilomita 150. Ki fita da asuba, don Allah, saboda cunkoson Kasoa. Sunan garin ma daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, kuma idan rana ta ɗaga za ki ga dalili: masu tallan biredi da ruwan leda suna ratsa tsakanin motoci, mota ba ta gaba ba ta baya. Na taɓa yin awa biyu a wurin ban bar garin ba. Da kin wuce Winneba da Mankessim, hanya ta sake.

A cikin gari tasi ce abin hawa. Akwai ta haɗaka mai bin layi ɗaya, kuɗinta kaɗan ne, akwai kuma shata, wadda suke kira "dropping". Idan ba ki faɗa ba, direba zai ɗauka shata kike so, don haka ki yi ciniki kafin ki shiga. Ƙananan bas ɗin nan kuwa trotro ne, yaron motar sunansa "mate". Ki riƙe canjin sidi, kuɗin Ghana, ki miƙa kuɗi da hannun dama. Mutanen Fante, ƙabilar yankin, ba sa wasa da wannan, haka ma gaisuwa: kada ki tambayi hanya ba ki gaisa ba.

Ranar Talata masunta ba sa shiga teku. Za ki ga kwale-kwale masu fenti da tutoci a jere bakin ruwa, maza zaune suna ɗinkin raga. Kada ki ɗauki hoton kowa sai kin nemi izini. Ki kuma ja wa yaron kunne kan wanka a teku, igiyar ruwan wajen tana ja da ƙarfi.

Batun abinci kada ya dame ki. Ki tambayi zango kusa da kasuwar Kotokuraba, za ki ji Hausa, ki samu masallaci, ki sha koko da ƙosai da safe, wanda a can ma Hausa koko suke ce masa. Ki ɗanɗana dokunun Fante, mai naɗin ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin shito.

Kafin ki juyo, ki ware yini guda ki je Elmina, ba ta da nisa. Ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482 yana nan. Na shiga ɗakin da ake tsare mata bayi, duhu da zafi da ɗan ƙaramin taga, na tuna cewa da yawa cikinsu daga arewa aka kawo su ta kasuwar Salaga. Na fito ban iya magana ba har muka isa mota. Ki tafi da yaron, ya gani kafin ya fara karatu.