Shin in saya wa Baba Valium saboda sandarewar hannu da ƙafa?

Wata mai karatu daga unguwar Zariya a nan Maradi ta rubuto cewa mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki wata 8 da suka wuce, yanzu hannunsa ya lanƙwashe, ƙafarsa ta sandare, har barci yana gagararsa. Maƙwabciyarta ta ce ta sayo masa Valium wajen masu tallar magani, shi ne take neman shawara.

Malama, Allah ya ba Baba lafiya, amma kada ki saya. Gaskiya ne Valium, wato diazepam, yana sassauta naman jiki, kuma likitoci kan rubuta shi a irin wannan hali na ɗan lokaci, musamman da dare. Sai dai aikinsa rage kuzarin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya ne, saboda haka ƙwayar da za ta saki hannun ita ce za ta sa tsoho gyangyaɗi, jiri da mantuwa, ta raunana lafiyayyar ƙafar da yake dogara da ita, ta ƙara masa haɗarin faɗuwa da shaƙewa da abinci. Abin da ya fi damuna shi ne iyali kan ga majinyaci ya yi shiru yana ta barci, su ɗauka sauƙi ne ya samu. Jiki kuma yana sabawa da maganin cikin 'yan makonni, kuma haɗa shi da tramadol na iya danne numfashi.

Kuɗin nan ya fi amfani ki kai Baba asibiti, likita ya duba shi, ya tura ku wajen masu motsa gaɓoɓi da ake kira kine, su koya muku yadda za ku riƙa miƙar da hannun da ƙafar kullum a gida. A bincika ko yana da taurin bayan gida, ciwon mafitsara ko gyambon kwanciya, domin kowannensu yana ƙara sandarewa. Idan magani ya zama dole, akwai baclofen, wanda ake farawa da kaɗan a ƙara sannu a hankali bayan an duba lafiyar ƙoda, kuma a farmasi za ki saye shi da takardar likita.

Idan kuwa an riga an yi makonni ana ba shi Valium, kada a tsayar rana ɗaya, domin hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ki tafi da kwalin wurin likita ya tsara yadda za a rage.